Ƙanina soja zai cika shekara da rasuwa a Borno, me ya kamata mu yi masa?

Yayar_Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya cika min ciki kuma a gida an kasa zama a yi maganar ba tare da wani ya tashi da fushi ba.

Ƙanina, autanmu, soja ne. Wata mai kamawa zai cika shekara ɗaya da rasuwa. A arewacin Borno abin ya faru, motarsu ta taka nakiya sannan aka buɗe musu wuta, haka dai abokinsa ya gaya mana a waya. Shekararsa 23. Ko shekara uku bai yi da fitowa daga Defo, wato makarantar horar da sabbin sojoji ta Zariya ba. Ni na raka shi tasha ranar da zai tafi, ni kuma na je ranar yaye su, ya rame ya yi baƙi ƙirin wallahi na wuce shi a layi ban gane shi ba sai da ya ɗaga min gira irin yadda yake yi in ya yi wa Inna ɓarna yana so in rufa masa asiri.

An binne shi a maƙabartar sojoji ta barikin Maimalari a Maiduguri. Babban yayanmu da kawu suka tafi, yamma ta yi musu a Damaturu dole suka kwana, kafin su shiga gari an riga an sallace shi. Inna har yau ba ta ga kabarin ba, ni ma haka.

Abin da ya dawo mana gida jaka ce guda ɗaya, ni na buɗe ta a ɗakina don ba wanda ya iya. Kaki biyu, silifas, ƙaramar waya mai tocila da ya ɗaure bayanta da roba, carbi, rabin kwalbar turaren da na ba shi da babbar sallah, sai wani ɗan littafi da yake rubuta bashi a ciki, wanda yake bi da wanda ake binsa, har da naira 1,500 ta wani mai shayi. Sannan a zauren gidanmu akwai bandir biyu na kwano da ya saya zai rufa wa Inna ɗakinta da yake yoyo, yace in ya zo hutu zai kira kafinta. Suna nan jingine har sun fara ƙura, ba wanda ya taɓa, damina guda ta wuce Inna tana tara roba a tsakar ɗaki.

To yanzu ga matsalar. Ƙannena da abokansa na unguwa suna so a buga fosta da riguna masu hotonsa da kaki, a kafa rumfa a ƙofar gida a yi taro a saka a Facebook, sun ce ba za su bari ya tafi shiru kamar ba a yi shi ba. Kawu yace sam, bidi'a ce, ko sadakar arba'in ma da ƙyar ya bari aka yi. Inna kuma ba ta son ganin hotonsa da kaki ko a waya, in ta gani sai ta wuni ba ta ci abinci ba. Kuma abin da ya fi ci mata rai wata maƙociya ce ta faɗa a wajen gaisuwa, wai ai shi ya kai kansa, kuma wanda ake biya albashi ba shahidi ba ne. Tun ranar take tambayata da daddare, wai da gaske ne?

Waɗanda irin wannan ya taɓa samu, ya kuka yi? Me ake yi wa soja in ya shekara? Ni dai ba na so a manta da shi, kuma ba na so mu yi abin da zai ƙara wa Inna ciwo ko ya zama zunubi.

UmmuHaidar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Wannan maƙociyar kuma Allah ya shirye ta, wasu mutanen bakinsu ba linzami wallahi, a gidan mutuwa fa.

Tsohon_Saje

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan yaro, ya ba mahaifiyarku dangana. Na sa kaki shekara 22, na je Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na binne abokai da hannuna, wasu can muka baro su ko a yau aka kai ni ba zan iya nuna inda suke ba. Maganar shahada zan bar wa malamai, ni ta bariki zan gaya miki.

Ƙannenki ba su yi laifi ba da suke jin tsoron a manta da shi, don ana mantawa ɗin. Kin san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ai, wanda ake ce wa Sarkin Yaƙi, kwamandan tankokin yaƙi na bataliya ta 272, wanda ya yi suna lokacin ƙwato Baga a 2015 har aka ƙara masa girma tun lokacinsa bai yi ba. An kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016 yana da shekara 36, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, shugaban sojan ƙasa na lokacin Janar Buratai har hawaye ya yi a wajen. Kuma ya cancanta, namiji ne, ban da abin cewa. Amma ba shi kaɗai aka binne ranar ba, da ƙananan sojojin da suka faɗi tare da shi. Duk mai karanta wannan ya faɗa min sunan ɗaya daga cikinsu ba tare da ya duba waya ba. To kin gani.

Kuma tsohon abu ne. Barikin da ƙaninki ya yi horo a Zariya sunansa Chindit, sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a dajin ƙasar Bama (Burma) ta Asiya a yaƙin duniya na biyu, da bataliyoyin Najeriya a cikinta a 1944, kakanninmu ne da yawa daga ƙauyukan nan namu. Suna ya zauna a jikin geti, mutanen kuwa sai dai jikokinsu in sun riƙe.

Gwamnati tana da ranarta, 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya. A yi fareti a ajiye furanni a busa begila a saki tantabaru, kafin nan a yi addu'a a masallacin Juma'a da coci, a sayar da ɗan bajon nan da ake maƙalawa a riga. Ina zuwa duk shekara da tsohuwar hulata, ba na raina ta, amma ranar kowa da kowa ce, ba za ki ji an kira sunan autanku ba.

Shawarata, ki riƙe abokin nan nasa da ya kira ku, ki riƙe shi gam. Ki nemi lambobin 'yan kwas ɗinsu da waɗanda suka zauna rami ɗaya da shi. Ku a gida kun san shi yaro, su suka san shi namiji, suna da labaransa da ba ku taɓa ji ba, wa ya raba wa garinsa, me yake cewa in dare ya yi, wane suna suka laƙaba masa, don ba sojan da ba shi da sunan tsokana. Ki sa su faɗa miki ki rubuta a littafi da biro, kar ki dogara da waya, waya tana faɗawa ruwa. Kuma ki yi da wuri, Allah ya tsare su amma kin san inda suke aiki. Su ma ɗin yana musu daɗi, ni akwai uwar abokina a Kontagora da na yi shekara 14 ina kai mata goro da sabulu har ta rasu, in na shiga sai tace ɗana ya zo, ban san wa ya fi amfana ba tsakanina da ita.

Sai takardu. Lambarsa ta aiki, takardar shaidar rasuwa, wasiƙar ta'aziyya daga bataliyarsu, da sanin wa ya rubuta a matsayin magaji a fom. Ku yi hoton kowacce kala uku, kar ku taɓa ba kowa ta ainihi ya tafi da ita, kar kuma ku ba kowa ko sisi wai zai hanzarta muku fayil. Haƙƙinsa ne, bin sa ba kwaɗayi ba ne, na ga gidaje da yawa da kunya ta sa suka bari.

Kwanon nan kuwa, ni da ni ne da tuni yana sama.

DanKurna

Baba Saje ya faɗi gaskiya amma ya yi ta da laushi. Ni zan faɗa kai tsaye, ɗan talaka ko a mutuwa ma layinsa daban. Ku tuna Metele, Nuwamban 2018, aka afka wa bataliya ta 157, kwamandansu Laftanar Kanar Sakaba ma yana cikin waɗanda aka kashe, kwanaki ana shiru sai bidiyo ke yawo a waya, daga baya aka fito aka ce 23 ne suka rasu, jaridu kuma suna kawo adadin da ya ninka haka nesa ba kusa ba, to in adadi ma ba a daidaita a kai ba ina maganar sunaye? Amma da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a Maris ɗin 2024 cikin 'yan kwanaki aka fito da sunayensu da hotunansu ɗaya bayan ɗaya har da farabiti, shugaban ƙasa Tinubu da kansa ya je jana'iza a Abuja, aka ba su lambar girma aka yi alƙawarin gidaje da karatun 'ya'yansu. Ban ce kar a yi musu ba, Allah ya jiƙansu, kwamandan ma ɗan arewa ne. Abin da nake cewa ashe ana iyawa. To me ya hana a yi wa na Borno da Zamfara da Neja da ake kashewa kusan kullum?

Don haka ni ina bayan ƙannenki Yaya, ku buga fostar, ku rubuta sunansa da manyan baƙi, ku saka a ko'ina. 'Yan siyasa suna liƙa mana fuskokinsu a bangon gidajenmu ba wanda yace bidi'a, sai yaron da ya ba da ransa?

UmmuHaidar

DanKurna ka karanta rubutun kuwa har ƙarshe? Tace mahaifiyarsu ba ta iya cin abinci in ta ga hoton. Sai a liƙa mata shi a ƙofar gida ta riƙa gani duk fitowa? Faɗanka da gwamnati daban, uwar da ta haife shi daban. Kuma bayan sati biyu fostar nan a kwata za ka ganta yara suna takawa, ni na ga an yi a layinmu.

DanKurna

Na karanta Hajiya. To a saka a intanet kawai inda ba za ta gani ba. Ni dai shirun ne ba na so.

Malam_Sani_Gwammaja

Allah ya gafarta masa, ya karɓi shahadarsa. 'Yar'uwa zan fara da tambayar da Inna take yi miki da daddare, don ita ce mai gaggawa, fosta za ta iya jira.

Ki ba ta labarin Ummu Harisa. Ɗanta Harisa saurayi ne ƙarami, kibiya ta same shi ranar Badar ya rasu. Ta zo wajen Annabi (SAW) tace ya ba ta labarin ɗanta, in yana Aljanna ta yi haƙuri, in kuma ba haka ba, to za ta yi kuka iya ƙarfinta. Ya gaya mata Aljannatai ne masu yawa, kuma ɗanta ya samu Firdausi mafi ɗaukaka. Kin ga tambayar da Inna take yi wata uwa ta riga ta yi, kuma ba a tsawata mata ba. Mu yanzu ba mu da wahayi, shi yasa malamai suke cewa ba a yanke wa wani mutum hukunci da suna, sai dai a yi masa kyakkyawan zato da fata. Amma ya tabbata wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa ko jininsa shahidi ne, to ina ga wanda ya tsaya tsakanin masu kisa da ƙauyukan bayin Allah da ko saninsu bai yi ba? Zancen albashi kuwa ba shi da tushe, tun zamanin Sayyidina Umar ake rubuta mayaƙa a diwani ana ba su rabonsu daga baitulmali. Niyya ce abin dubawa, ita kuma maƙociyarku ba ta shiga zuciyarsa ba.

Sai dai abin da ya tsaya min a rubutunki ɗan littafin nan ne. Hadisi ya nuna ana gafarta wa shahidi komai sai bashi. Yaron nan ya taimake ku da ya rubuta. Kafin rumfa, kafin shinkafa, kafin komai, ku bi littafin layi layi ku biya, har da mai shayin, ko zai ɗauke ku wata uku kuna nemansa. Wanda yace ya yafe alhamdulillah, amma ku kai masa tukuna ya faɗa da bakinsa.

Maganar taron cika shekara, kin san akwai saɓani a garuruwanmu, wasu malamai suna hana ware rana, wasu suna ganin addu'a ce da sadaka ba komai, ba zan buɗe wannan faɗan a nan ba don in aka fara sai a manta da mamacin. Abin da ba wanda ya yi saɓani a kai, addu'a tana isa, sadaka tana isa. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ruwa aka nuna masa, ya haƙa rijiya yace ta Ummu Sa'ad ce. Kuɗin riguna hamsin da hayar rumfa da kujeru in an haɗa zai gyara famfon unguwa ko ya sayi randuna da tabarmi a Islamiyya. Kuma a tuna lokacin da aka kashe Ja'afar a Mu'uta cewa aka yi a dafa wa iyalansa abinci, ba su za su dafa wa mutane ba, mu mun juya abin.

Kuma kawu ya sassauta, ambaton mamaci da alheri ba laifi ba ne. Abdurrahman ɗan Aufu bayan shekaru aka kawo masa abinci yana azumi, ya tuna Mus'abu ɗan Umairu, saurayin da ya tashi cikin gata a Makka amma da ya faɗi a Uhudu mayafin da za a rufe shi bai kai ba, in an rufe kai ƙafa ta fito, sai da aka sa ciyawa a ƙafafun. Ya ambace shi da suna ya yi ta kuka har ya bar abincin. Annabi (SAW) kansa ya koma wajen shahidan Uhudu bayan shekara takwas ya yi musu addu'a. In Inna tana da ƙarfin tafiya ku kai ta.

Dan_Maradi

Gaisuwa daga Nijar, Allah shi jiƙan ƙanenki shi ba ku haƙuri. Ciwon guda ne wallahi. Mu nan ba mu mance Inates ba, 10 ga Disamba 2019, soji 71 rana guda, shugaba Issoufou ya katse tahiya tai daga Masar ya komo, anka yi zaman makoki kwana ukku, anka jera gawawwaki lulluɓe da tuta a sansanin sojin sama na 101 a Yamai nan anka rufe su. Wata guda bai cika ba sai Chinagodar, 9 ga Janairu 2020, mutum 89. Ɗan ƙanen babana na cikin na biyun, tare munka yi lakwal, shekara tai 25.

Abin da ke ban haushi, Tongo Tongo a 2017 sojin Amurka 4 sunka mutu tare da namu, duniya duk ta ji sunayen Amurkawan, har gardama anka yi can bisa wayar da shugabansu ya yi ma matar ɗaya, namu ko sai dai a ce da wasu sojin Nijar. A ƙasarsu hwa.

Mu abin da munka yi mashi, ba mu yi taro ba. Matar wansa ta haihu namiji anka mai da suna nai, uwar ba ta iya kiran sunan sai ta ce Baba ƙarami, yanzu shi ne ɗan ɗakinta kullum yana manne da ita. Kuma mu abokai nai muna da tontin, wato adashi, kowane wata kowa jikka guda, in azumi ya zo mu sai mata buhun hatsi da sukari. Shekara ta farko mun kai ashirin, yanzu mu shidda munka rage, kin san halin mutane, amma shiddan ba mu fasa ba.

Maman_Sadiq

Ƙanwata sannu, sannu da haƙuri. Ni matar soja ce, mijina kofur ne, shekara biyar kenan, ya bar ni da yara biyu da cikin wata huɗu, don haka takabata ma sai da na haihu na fita. Na daɗe ina kallon rubutunki kafin na iya amsawa saboda jakar nan, ni ma ita aka kawo min, har yau ban wanke rigar ciki ɗaya ba.

Shekarar farko kowa yana zuwa. An yi mana taro babba, har da masu ɗaukar bidiyo, aka yi ta alƙawari a lasifika. Bayan nan na fito daga gidan bariki na koma ɗakin da na tashi a gidanmu, na yi shekara biyu da rabi ina zirga zirga wani ofis da fayil a hannu da goyo a baya, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya gobe a ce sunan da ke fom harafi ɗaya ya bambanta da na banki, cikin masu alƙawarin nan ba wanda ya taɓa raka ni ko sau ɗaya, sai wani abokin aikinsa Kirista ɗan Filato da ya ɗauki hutu ya bi ni har abin ya fito. Shi yasa da na ga ana maganar riguna na yi murmushi kawai. Ba wai kar a yi ba, amma ki tambayi masu son bugawa wa zai riƙa leƙa Inna ranar Talata da rana in ba kowa.

Sannan ba ki faɗa ba, yana da wadda yake nema? In akwai dan Allah ku neme ta. Ita ba ta da takaba, ba wanda zai zo mata gaisuwa, ba ta da ikon yin kuka a fili kar a ce ba ta da kunya, tana can tana cinye abin ita kaɗai.

Hoto kuma kar ku matsa wa Inna. Surukata sai da aka shekara uku sannan wata rana da kanta tace in nuna mata. Ki adana su a wuri biyu uku, da saƙonnin muryarsa in akwai, ranar da za ta nema tana zuwa.

Yayar_Auta

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ku yi haƙuri kwana tara ban leƙo ba, abubuwa ne suka ɗan motsa.

Malam na karanta wa Inna labarin Ummu Harisa, ta sa na maimaita sau uku, ba ta ce komai ba amma daren ba ta tashe ni ba. Maman Sadiq wallahi kin taɓa inda ban yi tunani ba, akwai yarinyar, har an kai kuɗin gaisuwa, kuma tun sadakar bakwai ba wanda ya taka gidansu a cikinmu, kunya ta kama ni. Na je shekaranjiya. Ba zan iya rubuta yadda aka yi ba.

Mun zauna da ƙannena, an bar maganar rumfa da riguna, za su rubuta sunansa da addu'a a Facebook ɗinsu, DanKurna ka ji an ɗan biya ka. Kawu bai ce komai ba, a wajensa hakan amincewa ce.

Littafin bashi mun biya mutum huɗu, biyu sun ce sun yafe. Mai shayin kuwa abokinsa ya same shi, yana nan inda yake, ya tuna shi sarai, amma yace ba 1,500 ba ce 2,300 ce, wai kwana biyun ƙarshe da Indomie da ƙwai ya ci bai rubuta ba. Da na gaya wa Inna sai ta yi dariya, wallahi dariya har da riƙe baki, tace ai tun yana firamare haka yake yi wa mai ƙosai, rabona da jin dariyarta tun kafin abin. An tura masa 2,300 ɗinsa. Abokin kuma yace sunan da suke kiransa a can Ƙara Madara.

Kwanon, ni na so a kai Islamiyya kamar yadda Malam ya kawo misali, Inna tace a'a, ɗakinta ya saya wa, a ɗakinta za a sa. Kafinta zai zo ranar Asabar, yace sai an ƙaro katako da ƙusa don azarar ta ci.

Baba Saje tambaya ɗaya, Inna tace tana so ta je Maiduguri bayan an gama rufin. In mun isa geti lambarsa ta aiki da katin shaidarmu sun isa a bar mu mu shiga, ko sai abokin nasa ya nemo mana izini tun kafin mu taso? Kuma ƙafarta ba ta da ƙarfi sosai, daga geti zuwa maƙabartar ana shiga da mota?